Maƙoƙo ne a wuya amma likita ta ce a yi hoton kai, dan Allah masu sani ku yi mana bayani

Ɗan_Gyallesu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah in akwai likita a nan ko wanda ya taɓa ganin irin wannan a gidansu ya taimaka mana da bayani, sabida wallahi kanmu ya ɗaure.

Yayata ce, malamar firamare ce nan cikin Zariya, shekarunta 39, yaranta huɗu. Ta daɗe tana fama da faɗuwar gaba, zuciya ta dinga bugawa da sauri ko tana zaune ba abin da take yi, ga zufa, lokacin hunturu da kowa ke neman bargo ita fanka take nema, hannunta na rawa har in tana rubutu a allo yara na lura, tana cin abinci sosai amma sai ramewa take. Daga baya wuyanta ya ɗan kumbura ta gaba. Aka je wani asibitin kuɗi aka ɗebi jini aka ce maƙoƙo ne irin mai sa jiki aiki fiye da kima, aka ɗora ta kan wani magani kabimazol da wani na rage bugun zuciya. Ta samu sauƙi kaɗan amma da an rage maganin sai abu ya dawo sabo, kuma maƙoƙon sai ƙara girma yake. Ƙarshe aka fara maganar a yi mata aiki a cire shi, har mijinta ya fara haɗa kuɗi.

Toh sai Allah ya haɗa mu da wata likita, ta ce a kawo mata duk takardun gwajin tun na farko, ta jera su kan tebur ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce a dakata da maganar aikin wuya tukuna. Wai a gwajin jinin, sinadaran da ake kira T4 da T3 sun hau amma wani da ake kira TSH bai taɓa sauka ba, a takardar farko 3 da ɗigo ne, a ta ƙarshe ma ya haura 8. Ta tambayi Yaya ko tana ciwon kai tace eh, ko al'adarta na wasa tace eh, ko ganinta ya canza, nan ne Yaya take cewa in za ta tsallaka titi a Kwangila ba ta ganin mai babur in ya taho ta gefe sai ya zo gabanta, mu duk mun ɗauka tabarau take buƙata. Likitar ta rubuta a sake gwajin jinin a wani lab daban, a yi gwajin ido, a yi hoton MRI na kai, tace tana zargin ƙari a wani gland, wato wata 'yar gaɓa mai sakin sinadari cikin jini, da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa.

Me ya haɗa wuya da kai? Ƙarin nan ciwon daji ne? In shi ne sai an fasa kai? Hajiyarmu tunda ta ji an ambaci ƙwaƙwalwa ba ta barci, cewa take a cire na wuyan kawai a huta tunda shi ake gani da ido.

Abban_Hanwa ya rubuta:

Allah ya ba ta lafiya ɗan'uwa, ya sa kaffara ne. Gwaggona ma an yi mata aikin maƙoƙo shekaru da yawa da suka wuce, ita ma da zufar nan da rawar hannu da rama, har idanunta sun firfito waje, tunda aka cire shi take lafiya, ƙwaya ɗaya kawai take sha kullum da safe. Ni inaga maganar Hajiya abin dubawa ce, MRI ba ƙaramin kuɗi ba ne a wannan yanayin da ake ciki, gara a haɗa kuɗin a yi aikin. Kuma ku dinga amfani da gishiri mai aidin a gida.

Likitan_Samaru ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Gyallesu sannu da ƙoƙari, Allah ya ba Yaya lafiya. Ni likita ne a ɓangaren cututtukan manya. Hukunci na wanda ya duba ta ne, amma abin da likitar nan ta yi shi ne daidai, kuma ku gode wa Allah da ta tsaya ta karanta takardun a jere. Malam Abban Hanwa, na gwaggonka daban ne da wannan, ka biyo ni za ka gani.

Gland ɗin wuya, wato tayrod, ba ya aiki da ra'ayin kansa, umarni yake karɓa. Mai ba shi umarnin wani ɗan ƙaramin gland ne da ake kira fituwitari, yana zaune cikin wani gurbi na ƙashi a ƙasan ƙwaƙwalwa, can bayan hanci daidai tsakanin idanu, faɗinsa wajen santimita 1, nauyinsa wajen rabin giram. Shi ke sakin TSH cikin jini, TSH ya isa wuya ya sa tayrod ya yi T4 da T3, su kuma su ne ke saita saurin aikin jiki, bugun zuciya, zafin jiki, ƙona abinci da sauransu. In T4 da T3 suka wadata fituwitari na ji a jini sai ya rage TSH. Kaman tankin ruwa ne da injin bohol mai otomatik, tanki ya cika makunni ya kashe inji.

A yawancin masu irin alamomin Yaya matsalar a wuya take, musamman ciwon da ake kira Girebs, inda garkuwar jikin mutum ce ke zuga tayrod ya yi ta aiki, shi ne kuma mai sa idanu su firfito kaman na gwaggon Malam. A irin wannan fituwitari lafiyarsa ƙalau, yana ganin T4 ya yi yawa sai ya kashe TSH, a takarda za ka gan shi ƙasa da 0.1, sau da yawa ma ƙasa da 0.01. A mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4 ne ko kusa da haka, gwargwadon lab. Toh a ce T4 da T3 sun yi sama amma TSH na zaune a 3, wannan 3 ɗin ko da tana cikin layin lafiya a takarda, ba lafiya ba ce ga wannan mutumin. Tanki na ambaliya inji bai tsaya ba, ai makunnin za ka je ka duba, ba tankin za ka fasa ba. Kuma nan ne ake yawan tsallakewa, sabida ido kan lambar da inji ya sa wa alamar H, wato ta hau, yake fara sauka, T4 da T3 na da alama, TSH ba shi da ita, ga layin marasa lafiya a waje, sai a rubuta kabimazol a wuce.

Ƙarin fituwitari mai fitar da TSH abu ne da ba kasafai ake gani ba. Cikin ƙarin fituwitari 100 bai fi 1 zuwa 3 ne irinsa ba, an daɗe ana ƙiyasta shi da wajen mutum 1 cikin miliyan, likita na iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai gamu da shi ba. A 1960 aka fara rubuta labarinsa, kuma sai da aka samu injinan gwajin TSH masu kaifi a shekarun 1980 sannan aka fara kama shi da kyau, don kafin nan ba a iya bambance TSH da ya mutu gaba ɗaya da wanda ke ƙasa-ƙasa kawai.

Ku kwantar wa Hajiya da hankali kan abu biyu. Kusan dukkan irin wannan ƙarin ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa hanta ko huhu. Kuma ba a cikin ƙwaƙwalwa yake ba, a ƙarƙashinta yake. Matsalarsa wurin da yake zaune ne, matsattse ne kuma maƙwabtansa masu muhimmanci ne. Jijiyoyin ido biyu suna gitta juna daidai samansa, in ƙarin ya wuce santimita 1 ya tasa sama sai ya danne mahaɗar, abin da ke fara tafiya kuwa ganin gefe ne na waje, gefen hagu a idon hagu, gefen dama a idon dama. Mutum zai karanta rubutun waya lafiya lau amma ya dinga buga kafaɗa a bakin ƙofa, ko bai ga mai babur ba. Tabarau ba ya gyara wannan. Maganar Kwangilan nan ita ta fi tsaya min a rai a duk abin da ka rubuta, dan Allah kar a yi jinkirin gwajin idon, kuma kar a bar ta tana tsallaka babban titi ita kaɗai a yanzu.

Dalilin da ya sa ba a so a taɓa wuyan: in ƙari ne aka cire tayrod, ko aka ƙone shi da aidin mai tururin nukiliya, zufa da rawar hannu za su tafi, kowa ya ce an warke, amma T4 ɗin da ke ɗan taka wa ƙarin burki ya tafi, sai ya samu sarari ya ƙara girma yana cin ido a ɓoye. Kabimazol ma in aka daɗe a kai haka yake yi, yana sauke T4, TSH ya ƙara hawa, maƙoƙo ya ƙara girma, kuma ka ga abin da ka faɗa kenan, daga 3 zuwa 8. Amma ka ji ni da kyau, kar ta daina shan maganin da kanta, zuciyarta na buƙatar kariya, likitarta ce za ta ce a rage ko a canza. In kuma tana kan kabimazol ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wannan ranar ta tsayar da shi ta je a duba ƙwayoyin jininta, don yakan karya fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta a wasu mutane ƙalilan.

Gishiri mai aidin yana hana maƙoƙon ƙarancin aidin ne, yana da kyau ga gida amma ba ruwansa da wannan.

Duk da haka ba a yanke cewa ƙari ne daga takardun lab ɗaya ba. Akwai abubuwa biyu da ke ba da irin wannan sakamakon, kuskuren gwaji, da wani yanayi na gado. In akwai mutanen lab a nan sun fi ni iya bayanin na farkon.

Yar_Lab_PZ ta rubuta:

Likita na gode da ka ambato mu. Gaskiya in sakamako irin wannan ya zo min, T4 sama TSH bai sauka ba, abin da na fara zargi ba ƙari ba ne, gwajin kansa nake fara zargi, don shi ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Na farko ku duba takardar, firi T4 aka yi, wato wanda ke yawo a sake cikin jini, ko total, wato dukkansa har da wanda ke ɗaure? Mace mai ciki ko mai shan ƙwayar tazarar haihuwa irin mai istirojin, total ɗinta zai hau alhali lafiyarta ƙalau kuma TSH zai zauna daidai, don haka firi ake so. Sannan akwai mutanen da a jininsu akwai wasu sinadaran garkuwa da ke manne wa kayan gwajin su ba da lambar ƙarya, mutum bai san yana da su ba kuma ba ciwo ba ne. Shi ya sa in likita tace wani lab daban, abin da take nufi wani inji daban, ba wani shago daban ba. Ku tambaya a kanta, wane inji kuke amfani da shi? In na farko Roche ne ku nemi mai Abbott ko wani kamfanin, don in lab biyu na amfani da inji iri ɗaya kuskuren ɗaya za su maimaita kun yi asarar kuɗi. Wasu ƙananan lab ɗin ma ba su ke yi ba, aikawa suke, ku tambayi ina suke aikawa.

Ku kuma faɗa wa likita duk abin da take sha, har wanda ba ku ɗauke shi magani ba. Amiyodaron na zuciya yana rikita lambobin, allurar hefarin mai hana jini daskarewa ma haka, mai shan libotayroksin, wato ƙwayar T4, da ke tsallake kwanaki sannan ya haɗiye da yawa ana gobe gwaji shi ma zai fito da T4 sama TSH sama. Ga kuma bayotin da mata ke sha yanzu don gashi da farce, shi yawanci T4 yake ɗagawa ya sauke TSH na ƙarya, amma dai a ajiye shi kwana 2 zuwa 3 kafin a ɗebi jini.

Na gadon da Likita ya faɗa, jiki ne ba ya jin homon ɗin tayrod, wato T4 da T3, yadda ya kamata, har shi fituwitarin ba ya ji, don haka yake ci gaba da sakin TSH ba tare da wani ƙari ba. A 1967 Samuel Refetoff da abokan aikinsa suka fara bayyana shi, ana ƙiyasta mutum 1 cikin 40,000, ka ga ya fi ƙarin yawa. Yawanci daga uwa ko uba ake ɗaukowa, toh hanya mafi sauƙi a wurinmu a gwada TSH da firi T4 na Hajiya da kai da yaran Yaya, in aka ga irin lambobinta a jikin wani daga cikinku magana ta karkata can, kuma masu wannan yawanci ba aikin da ake musu, ba a kai ba ba a wuya ba. Akwai gwajin wani sinadari a jini da ake kira SHBG, yana hawa a mai ƙari ya zauna daidai a mai na gado, da alfa-sabyunit wanda shi ma ke hawa a yawancin masu ƙari, sai dai irin waɗannan wani lokacin sai an aika samfurin Legas ko waje kuma ana jira.

Abin da ya sa nake nacewa kan jini kafin hoto, cikin mutum 10 masu lafiya in aka sa su a MRI wajen 1 za a ga ɗan tabo a fituwitarinsa wanda ba ya komai. In aka haɗa lambar ƙarya da tabon da ba ruwansa sai a yi wa mutum aikin da bai buƙata. Amma tunda ita ga maganar ido, a yi su tare kawai kar a jira.

Ɗan_Gyallesu ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri Likita da Anti ta lab, na karanta wa Hajiya da mijin Yaya bayaninku kalma-kalma, Hajiya ta sauko. Malam Abban Hanwa kai ma mun gode da addu'a.

An sake gwajin a inji daban kaman yadda Anti tace, lambobin haka suka fito. Ni da Hajiya da manyan yaran Yaya biyu an gwada mu, namu lafiya. Gwajin idon an sa ta leƙa cikin wani farin kwano tana danna maɓalli duk sanda ta ga ɗigon haske, takardar ta fito da baƙi a gefen waje na ido biyun, na saman ya fi duhu. MRI ɗin da aka yi da allurar kala ya nuna ƙari santimita 2 ba kaɗan, an ce ya taɓa jijiyar ido. An ba mu takarda zuwa asibitin koyarwa na Shika wurin likitocin gland da na tiyatar ƙwaƙwalwa. Yanzu tambayata Likita, aikin nan yaya ake yinsa, kuma na ji ana maganar wata allura, in allurar na aiki me zai hana a tsaya a kanta a bar aikin?

Likitan_Samaru ya rubuta:

Toh alhamdulillah an san inda matsalar take, kuma wuyanta na nan ba a taɓa ba.

Ba a fasa kai a yawancin irin wannan aikin. Ta hanci ake bi. Bayan kogon hanci akwai wani ɗan ɗaki na iska a cikin ƙashi, rufinsa shi ne ƙasan gurbin da fituwitari ke zaune, sai a shiga da siririyar kyamara ko madubin tiyata a buɗe ƙashin a kwashe ƙarin ta ƙasa ba tare da an ɗaga ƙwaƙwalwa ba. Sau da yawa likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da na kunne-hanci-maƙogwaro ne ke yi tare. Shi ne magani na farko a ƙa'idar da ƙungiyar likitocin tayrod ta Turai ta fitar a 2013, balle ga wadda jijiyar idonta ke danne, don aikin ne ke ɗage nauyin nan take kuma shi kaɗai ke iya raba ta da ciwon gaba ɗaya. Zan faɗa maka gaskiya dai, irin wannan ƙarin yakan zama mai tauri da zare-zare, ba ya fitowa da sauƙi kaman sauran, kuma in ya kutsa gefe inda babbar jijiyar jinin kai ke wucewa likita ba zai bi shi can ba, zai bar ragowar. Ƙarami ya fi warkewa tas a kan babba. Don haka kar ku ji kunyar tambayar likitan tiyatar ko ya shiga gefen, da ko yana yawan yin aiki ta hanci, in kuma ya ga gara a tura ta wani wurin ku karɓa, hannun da ya saba yana da tasiri sosai a wannan aikin.

Allurar kuwa ita ce oktiriyotayid ko 'yar'uwarta lanriyotayid, akwai mai dogon aiki da ake yi sau ɗaya a wata. Gaskiya tana aiki sosai a wannan ciwon, a wajen mutum 9 cikin 10 tana dawo da T4 da T3 daidai, a kusan rabi ƙarin ma na motsewa. Shi ya sa ake yawan fara ta kafin aiki, sabida ba a so a sa mutum barcin tiyata zuciyarsa na gudu, haɗari ne, dole a sauko da homon ɗin tukuna, da ita ko da kabimazol na ɗan lokaci, tare da furofuranolol na rage bugun zuciya. Amma allurar danne ciwon take ba cire shi ba, ka daina ya dawo. Ga tsada mai karya aljihu wata bayan wata, ga shi sai an ajiye ta a firij tsakanin digiri 2 da 8, ka san yadda wuta take a garin nan, in za ku saya ku saya dab da ranar yi, a ɗauko ta cikin kula da ƙanƙara. Tana kuma sa gudawa da murɗar ciki a farko, in an daɗe tana kawo tsakuwa a matsarmama, tana iya taɓa sugan jini. Wurinta shi ne kafin aiki, ko bayan aiki in an bar ragowa, ko ga wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba. In ragowar ta ƙi jin allura sai a yi maganar gasa ƙarin da hasken inji, shi kuma a hankali yake aiki, shekaru, kuma yakan raunana sauran gland ɗin daga baya. In tana da inshorar lafiya ta ma'aikata, ta jiha ko ta tarayya, mijinta ya je ofishinsu da takardun tun yanzu ya ji me za su ɗauka.

Kafin aikin za su gwada sauran homon ɗin fituwitari, kotisol, furolaktin mai kawo ruwan nono, homon girma da na al'ada. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan ƙarin na haɗa TSH da wani homon, yawanci na girma ko furolaktin, don haka in zobenta ya matse ko takalmi ya daina shiga ko tana ganin ruwan nono ba ta shayarwa ta faɗa musu. Wataƙila kuma su yi gwajin da ake ba mutum ƙwayar T3 kwana 8 zuwa 10 a ga ko TSH zai sauka, na mai ƙari ba ya mutuwa, amma ba a yi wa mai ciwon zuciya ko tsoho, kuma a nata da komai ya nuna hanya ɗaya ba lallai su buƙace shi ba.

Bayan aiki da kamar mako za a auna TSH. In aka ga ya faɗi ƙasa warwas kar ku tsorata, albishir ne, alamar an kwashe ƙarin ne, lafiyayyen ɓangaren da ya daɗe a kwance bai farka ba tukuna, wani lokacin har sai an ba ta libotayroksin na ɗan lokaci. Daga nan sai bibiya, jini da ido da MRI, shekara da shekaru, don yakan dawo.

Maman_Ilham ta rubuta:

Sannu ƙanena, ka gaida min Yayarka ka ce mata wata 'yar'uwarta da aka yi wa aikin nan ta hanci na gaishe ta. Nawa ƙarin ba mai TSH ba ne, irin wanda ba ya fitar da komai ne sai danne ido, amma hanyar aikin ɗaya ce, bari in faɗa mata abin da za ta tarar don kar ya zo mata ba zata.

Za ta farka hancinta a toshe da auduga, da baki za ta dinga numfashi, maƙoshi ya bushe ƙamas, wannan ya fi ciwon kansa damuna. Ba a aske min gashi ba, ba tabo a fuska, ɗan yanka ne kawai a gefen cibiya inda suka ɗebi kitse suka toshe wurin da shi. Nas-nas za su dinga auna duk ruwan da ta sha da duk fitsarin da ta yi, mai jinya kar ta zubar ba a rubuta ba, sabida gland ɗin ne ke riƙe ruwan jiki, in ya ji taɓi sai mutum ya yi ta fitsari fari tas ga ƙishirwar ruwan sanyi kaman me. Ni ya same ni, aka ba ni wani magani desmofiresin, da kansa ya daidaita daga baya.

Abin da ba wanda ya faɗa min sai da na tambaya shi ne alwala da sallah. Makonni ba a so ka fyace hanci ko ka shaƙa ruwa ko ka sunkuyar da kai ƙasa, don kar toshin ya buɗe. Toh sai na dinga shafa ruwan a bakin hanci kawai ban shaƙa ba, sallah kuma a kan kujera da nuni, na tambayi malaminmu yace lalura ce ba komai, har sai da likita ya ba ni izinin sujada. Atishawa in ta zo a buɗe baki. Ba daka, ba ɗaukar bokiti, ba wanki a sunkuye, ba yunƙuri a bayi, ku nema mata wadda za ta riƙe gidan da yaran tun yanzu don na san halin mu mata, muna dawowa gida za mu ɗau tsintsiya. In lokacin ƙura ne ta sa takunkumi, kuma a ɗaga hayaƙin turaren wuta daga ɗakinta. Jin ƙamshi zai ragu na wani lokaci, abinci ya yi salam, yana dawowa.

Ganina kuwa tun ina gadon asibiti na fara ganin mai jinyata a gefe ba sai na juya kai ba, sauran ya ci gaba da buɗewa a hankali cikin watanni. An ce min wanda jijiyarsa ta daɗe a danne ba ya dawowa duka, don haka in sun ba da rana kar a ɗaga sabida biki ko wani uzuri.

Likitan_Samaru ya rubuta:

Hajiya Maman Ilham Allah ya ƙara lafiya, kin faɗi abin da mu ba ma tunawa mu faɗa a kilinik. Bari in ƙara abin da ke faruwa bayan an sallamo mutum, don a gida yake faruwa ba a gabanmu ba. Tsakanin kwana 5 zuwa 10 bayan aiki gishirin jini na iya faɗuwa, alamarsa tashin zuciya, amai, ciwon kai sabo, kasala ko ruɗewa, a mayar da ita asibiti a auna sodiyam, kar a ce maleriya ce a tsaya kemis. In ruwa fari tsararo mai ɗanɗanon gishiri na ɗiga daga hanci, musamman in ta sunkuya, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne, a koma a ranar, don ƙofa ce ga sanƙarau, balle in ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya. In kuma an sallame ta da ƙwayar haidirokotizon mai maye gurbin kotisol kar ta tsallake ko ta bari ta ƙare, ranar zazzaɓi ana ninka ta ne yadda za su koya mata, in tana amai ba ta iya riƙe ta sai allura a asibiti. Maganar azumi da ɗaukar ciki kuma ta tambayi likitan gland ɗin kafin ta yanke komai, amsar ta dogara ne kan abin da gwajin bayan aiki ya nuna.